Muryar Baba a Kan Takarda

Aikina takarda ne. Ina da ɗan shago a Madawa, a bakin hanyar tasha, inda nake buga wa mutane rubutu a ordinatar, wato kwamfuta, ina yi musu fotokopi. Kafin in buɗe shi na daɗe ina aiki a biro, wato ofis, ina dukan injin rubutu irin na da, wanda sai da ya sa yatsuna suka yi kanta. Don haka na san takarda ciki da bai, kuma ba na ganin girmanta yadda mutanen ƙauyenmu suke gani. Su in suka tsinci guntuwa mai rubutu a ƙasa sai sun ɗauke ta sun soke a tsagar katanga, kada a taka. Ni kuwa na ga wadda gara ta cinye, na ga wadda akuya ta tauna, na taɓa sayen ƙosai aka ƙunsa mini a takardar haihuwar wani bawan Allah. Wadda zan ba da labarinta ma falle ɗaya ce, irin wadda nake jefawa kwando kullum.

Ƙauyenmu yana ƙasar Buza, ba nisa da Tama, a gindin dutse. Gonakin gero suna sama, garaken albasa suna cikin kwari. Ni ce ƴar fari a gidanmu, kuma a wurinmu uwa da uba ba sa kama sunan ɗan fari. Kunya ce. Ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai dai wani ya tashe shi. Kakata ce take kiran sunana, har takan ja shi ta yi masa waƙa. Baba "ke yarinya" yake ce mini. Inna kuwa "ke" kawai, da na yi aure na koma birni kuma na zama "ta Madawa". Na haura hamsin da wannan suna. Ban taɓa ɗaukar abin a ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi wa kowa, kuma haka na yi wa nawa ɗan farin, wanda har gobe "kai" nake ce masa.

Baba ɗan bida ne, mai fita neman kuɗi waje, kamar yawancin mazan yankinmu na Adar. Da an kai gero rumbu sai ya ɗaure kayansa ya nufi Abijan, ba ma ƙara ganinsa sai hadari ya fara haɗowa. Bai yi boko ba, kuma ba ya son wasiƙa, wai kafin ta iso mai rubutawa ya rage wani abu, mai karantawa ya ƙara nasa. A wata shekara, ina ƙananan azuzuwa a lakwal, makarantar boko, damina ta faɗi bai dawo ba. Maimakonsa wani maƙwabcinmu ya zo da turmin atamfa da kaset guda, ya ce ga saƙo.

Aka aro rediyon tela, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la'asar, rabin unguwa ta shigo ba tare da an gayyace ta ba. Da aka danna, ƙarar motoci ce ta fara fitowa, da wani yana magana da yaren da ba mu ji, sannan Baba ya yi gyaran murya ya yi sallama. Duk tsakar gidan aka amsa masa. Ya gai da liman, ya gai da maigari, ya bi dattawan unguwa gida-gida bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce ƙafa ce ta hana shi tahowa bana, amma da sauƙi. Ya ce kada a sayar da tunkiya mai baƙin kunne komai wuya, a yashe rijiyar garka kafin ta rufta, a ba ƙanensa gonar tudu ya noma. Ya tambayi lafiyar jakinsa kamar jakin zai amsa. Inna bai ambace ta ba sai da "mutanen ɗaki", ita kuma tana can ƙarshen tabarma ta sauko da lulluɓi har hanci.

Daga nan ya zo kan ƴaƴa. Ya fara daga ƙasa, daga autanmu da ke goye, yana kiran kowa da sunansa yana sa albarka. Na san ba za a zo kaina ba, har na fara wasa da bakin tabarma. Sai ya yi shiru, ana jin numfashinsa da ƙarar titi, ya yi tari sau ɗaya, ya faɗi sunana. Cikakke ya faɗe shi, yadda aka raɗa mini, ba yadda kakata take lanƙwasa shi ba. Ya ce a gaishe ni, kuma kada a cire ni daga lakwal.

Tsakar gidan ta ɗauki dariya. Kakata ta tafa hannu ta ce Abijan ta cinye wa ɗanta kunya. Inna ta tashi ta ce bari ta duba tukunya. Ni dai ban san inda zan sa kaina ba, kunya da daɗi suka haɗe mini, na tura fuskata a cinyar kakata. Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakin wanda ya haife ni, kuma bai sake samun damar faɗa ba, don ciwon ƙafar ba mai sauƙi ba ne. Kafin wata damina labarin rasuwarsa ya iso. A can aka binne shi, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin kabarin.

Kaset ɗin shi ne abin da ya rage. Inna ta naɗe shi a tsumma ta sa a cikin kwalla, ta ɗora sauran kwanuka a kai. Ana fito da shi da salla, ko in wani ɗan uwa ya zo daga nesa. Kullum za ta zauna ta saurara tun daga sallama, ta amsa, ta bi gaishe-gaishen tana gyaɗa kai, in an zo kan wanda ya rasu ta ce Allah ya jiƙansa. Amma da zarar ya fara kiran ƴaƴa sai wani aiki ya taso mata. Ko tukunya, ko kaji sun shiga ɗaki, ko akuya ta kwance. Ba ta dawowa sai an wuce wurin. Har muka riƙa yi mata tsiya a bayan idonta, ƙannena suna raɗa wa juna cewa ga tukunya nan za ta ƙone. Ba a cire ni daga lakwal ba, ko da yake an yi shekarun da cire ni ɗin ya fi sauƙi.

Autanmu bai san Baba ba sai a wannan kaset. Shi ne ya yi karatu mai zurfi a cikinmu, yana gyaran ordinatar a Yamai, kuma mutum ne da ba ya ganin sabon abu ya ƙyale. Shi ya lura zaren kaset ya fara saki, muryar tana ja kamar ta mai jin barci, ya ɗauke ta ya zuba a ordinatar ɗinsa. Ya yi daidai, don ba a jima ba wata rediyo ta tauna zaren ta yi kaca-kaca da shi. Daga nan muryar ta shiga yawo. Ya sa wa kowannenmu ita a kart memwar, ɗan katin nan na cikin salula da bai kai farce ba. Sai dai katin ba ya shiri da ƙasarmu. Na Inna ya mutu da zafin bazara. Na ƙanwata da ke aure a Keita ya bi wayarta cikin rijiya. Wani an kai shi wurin masu zuba waƙoƙi a kasuwa, suka share komai suka cika shi da wa'azi. Duk wanda nasa ya lalace sai ya ce ai akwai a wurin auta, auta kuma ya sake zubawa yana mita.

Wata shekara da kaka ya sauka a shagona da jaka a kafaɗa, ko ruwa bai gama sha ba ya ce ya zo da maganin abin. Wai masana sun koma kan takarda. Akwai wata sabuwar dabara da ake mayar da duk abin da ke cikin ordinatar, murya ko hoto ko littafi, ya zama ƴan ɗigo-ɗigo da ƙananan siffofi masu launi, a buga su a takarda. In ana son abin sai a kwantar da takardar a sikana, injin da ke ɗaukar hotonta, ordinatar ta karanta ɗigon ta mayar da shi yadda yake. Ya ce akwai masu da'awar nan gaba falle ɗaya zai ɗauke littattafan lakwal guda har da fina-finai. Shi bai gama yarda da wannan ba, amma abin da ya gwada da hannunsa ya nuna masa falle ɗaya ya isa ya ɗauki kaset ɗin Baba, in an matse muryar. Takarda ba ta neman caji, ba ruwanta da an ɗauke wuta, zafi ba ya kashe ta, kuma ba ɓarawon da zai kalle ta.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa ashe duk karatun da ya yi, da wayoyin da ya cika ɗakinsa da su, ƙarshenta wurina zai dawo. Na tuna masa da gara, da akuya, da mai ƙosai. Ya ce ni dai Yaya ba a burge ni. Gaskiyarsa, ba a cika burge ni ba, balle in abin zai ci mini tawada mai launi, wadda sai an aika Tawa ake samu.

Ya kwashe yinin yana fama da injina. Ya goge, ya daidaita, ya ɓata mini takardu. Can da yamma falle ɗaya ya fito yadda yake so. Na ɗauka na duba, ba harafi ko ɗaya. Daga nesa kamar atamfar da ta sha wanki, daga kusa kuma ƴan tsaba ne ja da shuɗi da rawaya, sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, an jera su a cunkushe. A kowace kusurwa akwai wata baƙar alama, sai farin fili da ya kewaye duka. Ya so ya buga na biyu, amma tawada ta fara ƙarewa, ya fito da layi-layi, muka jefa shi kwando.

Don ya nuna mini ba wasa ba ne, ya kwantar da takardar a sikana ya rufe, fitila ta bi ta ƙarƙashinta a hankali. Ordinatar ta yi ɗan tunaninta. Sai ga ƙarar motocin Abijan a cikin shagona, ga gyaran murya, ga sallama. Muryar ta ɗan ƙanƙance kamar daga cikin gwangwani, amma shi ne. Wani mutum da ke jiran fotokopin katinsa ya amsa sallamar bai sani ba. Na saurara har wurin tarin da abin da ke bayansa, sannan na ce wa auta to, ya yi ƙoƙari. A raina kuwa abin ya girgiza ni, ban dai ga dalilin da zai sa in ƙara masa girman kai ba.

Kafin ya koma ya kafa mini sharuɗɗa. Kada ta jiƙe, kada ta sha rana, kada a ninke ta ko kaɗan, kuma kada a taɓa kusurwoyin nan da farin gefen, don da su injin yake gane inda zai fara. Na tambaye shi, kamar da wasa, a wane wuri ne a jikin takardar ake kiran ƴaƴa. Ya ce ba haka abin yake ba, maganar a warwatse take, kowane guntu nata yana ko'ina. Duk da haka, in kasuwa ta yi sanyi nakan jawo durowa in duba ta, idona yana komawa can ƙasa ta hannun dama, inda rubutu yake ƙarewa. A rigar leda na sa ta, tsakanin kwali biyu.

Da sanyi Inna ta zo ganin likitan ido a asibitin mishan, ta sauka a gidana. Ba ta son birni, kuma shagona bai taɓa yi mata kama da wurin aiki ba, tunda ba a gumi a cikinsa. Ranar da za ta koma na zaunar da ita a kujerar masu jira, na fito da takardar na yi yadda auta ya koya mini. Ta amsa sallama. Ta bi gaishe-gaishe. Da aka zo kan ƴaƴa babu tukunya a shagon, sai ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motocin albasa. Bayan an gama ta dawo ta karɓi takardar da hannu biyu, ta kai ta kusa da idon da aka yi wa magani, ta daɗe tana dubawa.

"Shina cikin wagga?" ta ce.

Na ce muryarsa ce a ciki, kuma na shiga yi mata bayanin ɗigo da launi. Ba ta saurare ni ba.

"Ba ni shi in tai da shi gida. Ya daɗe waje."

Ba a hana Inna abu irin wannan, kuma ban ga dalilin hanawa ba, tunda asalin yana cikin ordinatar ɗin auta, in tawada ta zo sai a buga wata. Na dai jera mata sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce "to", irin "to" ɗin da take ce wa likita in ya hana ta goro. Da na maimaita maganar ninkewa sai ta dube ni ta ce ba yau suka fara ajiyar takarda ba, tun ba a haife ni ba suke yi. Na sa mata ita a jaka tsakanin kwalayen, ta hau mota.

Tawada ta zo, amma auta yana Yamai, ni kuma aiki ya sha mini kai, maganar buga wata ta bi ruwa. Bazara ta wuce, damina ta sauka. Sai wata safiya ya kira ni, murya ba daɗi, ya ce an fasa shagonsa an kwashe komai, har da ordinatar ɗinsa. Ya gama kukan aikin mutane da ya salwanta, na yi masa jaje, har za mu yi sallama ya tambaye ni ko muryar Baba tana cikin wayata. Katin wayata ya daɗe da mutuwa, ina jira ne ya zo ya sake zuba mini. Muka bi ƴan uwa ɗaya-ɗaya, kowa ya ce ai tana wurin auta. A ordinatar shagona ma babu ita, saurare kawai muka yi ba mu ajiye ba.

Hankalina bai tashi sosai ba. Na ce masa ai ga ranar dabararsa ta zo, takarda tana wurin Inna, kuma Inna ba ta yar da ko tsinken ashana. Ranar kasuwar Tama na rufe shago na shiga mota.

Na tarar da ita a gindin dogon yaro tana tsinkar ganyen tafasa. Bayan gaisuwa da fura na ce ta ɗauko mini takardar nan, za a sake ɗaukar hotonta in dawo mata da ita. Ban gaya mata abin da ya faru ba. Na zaci za ta shiga ɗaki ta sauke kwalla. Sai ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo wani zare. A ƙarshensa laya ce ta jar fata, sabuwa amma ta fara duhu da gumi, ba ta fi akwatin ashana ba. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, wannan kam ba zan hana wa badukun ƙauyenmu ba.

"Ga ta nan. Ba abin da yat taɓa ta."

Ta yi mini bayani a natse, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba. Ɗakinta yana yoyo. Ɓeraye sun taɓa cin katin rigakafin jikokinta. Yara suna shiga suna bincike. Takarda mai daraja kuwa, wadda ake so ta kai shekaru, kowa ya san yadda ake yi da ita, ga layar da aka ɗaura wa Baba yana jariri tana nan har yau ba abin da ya same ta. Don haka ta kai wa baduku, shi kuma ya yi aikinsa yadda ya gada. Ya ga farin gefen ba rubutu a kansa, ya yanke shi don kada ta yi kauri. Ya ninke ta ƙanana-ƙanana, ya naɗe da zare tam, ya rufe da fata ya bi da basilla. Ledar da kwalayen ta ba jikoki sun yi wasa. Tun daga ranar ba ta cire ta sai in za ta kewaya, kuma da ita a wuya ta yi bazarar nan duka.

Ban ɗaga murya ba, ba halina ba ne. Na ce ta ara mini. Ta cire ta ba ni, da sharaɗin a mayar mata da ita yadda take.

Auta ya taho Madawa. Muka rufe shago da rana tsaka, ya sa reza ya bi ɗinkin a hankali kamar wanzami. Da ya warware zaren takardar ta ƙi buɗewa, ta manne da kanta, sai da ya yi ta lallaɓa ta da bakin reza. Abin da ya fito ya yi laushi, duk ya zama ƴan gida-gida, layin ninki ya ci launin ya bar fari. Gumi ya ratsa fata, ja ya shiga shuɗi, rawaya ta bi su. Basilla ta kama gefe ɗaya, kuma da yake a ninke aka huda, hujin ya fito a jere ko'ina. Alamun kusurwa babu ko ɗaya.

Duk da haka ya gwada. Ya danne ta a ƙarƙashin damin takardu, ya sa na aro dutsen guga ya bi bayanta da ɗumi-ɗumi, ya zana kusurwoyin da hannu a wata takarda ya liƙa. Ya ce dabarar tana iya cike gurbi in ɓarnar kaɗan ce. Fitilar sikana ta yi ta kai da kawowa har la'asar, kowane karo ordinatar ta yi tunaninta ta ce ba ta ga komai ba. Daga ƙarshe ya zare wayar injin ya zauna a kujerar masu jira, mutum da furfura a gemu, ya rufe fuska da hularsa. Ni na san fuskar Baba, na san tafiyarsa da warin tabarsa. Shi muryar nan kaɗai ya sani. Ban yi masa maganar gara da akuya ba.

Ni kuma abin da na rasa ƙarami ne, bai fi numfashi ɗaya ba, kuma ba abin da zan iya faɗa wa kowa ba ne. Mace mai jikoki ba ta zama ta ce tana baƙin ciki don ba za ta ƙara jin an kira sunanta ba. Sunan nan kullum ana kiransa, masu fotokopi ma tun daga titi suke ƙwala shi. Amma na ji haushi, haushi mai yawa, na rasa wanda zan ɗora wa. Ɓarawon bai san abin da ya ɗauka ba, baduku ya yi aikinsa, Inna kuwa a duk cikinmu ita kaɗai ce ta tashi ta yi wani abu don kada a rasa shi.

Da na sami sarari na koma ƙauye, takardar a ambulan, fatar a gefenta. Da hantsi na isa. Inna tana tsakar gida tana bakacen gero, ƴan gidan duk sun tafi gona. Na ajiye mata a tabarma na gaya mata komai, ban sassauta ba. An sace na wurin auta, wannan kuma ta mutu, babu sauran inda muryar take a duniya. Ta taɓa takardar da yatsa ɗaya ta ce to, a mayar wa baduku ya rufe. Na ce mata, da irin muryar da ban saba yi mata magana da ita ba, babu komai a ciki yanzu, tsumma ce. Ta ce ita dai ba ta ga ta inda ya fita ba.

Ta ci gaba da bakacenta, na zauna ina kallon kaji. Can ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, wai me muke nema a ciki haka da har auta ya baro Yamai, maganar da kowa ya ji ya sake ji. Na ce ba komai. Faifan ya ci gaba da tafiya. Sai ta yi gyaran murya, ba irin nata ba, ta yi sallama.

Ban amsa ba da farko, don ban gane ba. Ta jira, na amsa. Ta gai da liman, ta gai da maigari, ta bi dattawan unguwa gida-gida, mutanen da yawancinsu ƙasa ta daɗe da rufe su, a jeren da ya bi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce ƙafa ce ta hana tahowa bana, amma da sauƙi. Ta yi maganar tunkiya mai baƙin kunne, da rijiyar garka, da gonar tudu. Inda ya dakata don wata mota ta wuce, ita ma ta dakata. Ta tambayi lafiyar jaki. Ba kwaikwayon muryarsa take yi ba, muryarta ce ta tsohuwa, amma hawa da saukar maganar nasa ne, har yadda yake haɗiye ƙarshen kalma. Ta ce a gai da mutanen ɗaki, fuskarta ba ta canza ba.

Da ta zo kan ƴaƴa na duba wajen madafa, don na san nan ne ake tashi. Ba ta tashi ba. Ta fara daga auta, tana hawa ɗaya bayan ɗaya tana sa albarka. Na ce a raina ko da ta san na ƙannena, nan za ta tsaya, tunda a iya sanina ba ta taɓa zama ta ji abin da ke gaba ba. Ta ajiye faifan. Ta juya fuskarta wajen katanga, ta yi shiru daidai tsawon shirunsa, ta yi tari sau ɗaya, ta faɗi sunana. Cikakke ta faɗe shi, yadda aka raɗa mini. Ta ce a gaishe ni, kuma kada a cire ni daga lakwal.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon, daga ni sai ita sai kaji. Wayata tana cikin jaka, ban tuna da ita ba sai da na hau mota. Na buɗe baki, ta riga ni.

"Ba ni nic ce ba. Shi yac ce."

Ta turo mini takardar da fatar, ta ce in bi ta wurin baduku kafin ya tafi masallaci, in ce masa ya yi ɗinki biyu. Sannan ta dafa ƙasa ta tashi, ta ce bari ta duba tukunya. Ba a hura wuta a gidan ba tukuna.